Ban Ɗaga Kujerar Baya Ba

Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Masu sayar da baƙin mai ne suka raba mana wannan littafin bara waccan, wai mu riƙa rubuta ayyukan gareji a ciki. Ni ƙafar benci na tokare da shi. Yau na zaro shi, benci ya koma rawarsa. Aji biyar na yi a makaranta, da za a shiga na shida malamai suka ce in je in huta, su ma su huta. Saboda haka in wani ya tsinci littafin nan ya ga rubutun ya karkace, ya yi haƙuri, hannun sifana ne ba na biro ba.

Jiya da yamma aka jawo motar Goma. Goma 'yata ce, ita kaɗai muka haifa. Ni na laƙaba mata sunan tun tana rarrafe, don sifana mai lamba goma ce kullum take ɓata a gareji, ita ma da ka juya baya sai dai ka nemo ta a ƙarƙashin mota. Yanzu malamar makaranta ce, tana tuƙa kanta tafiyar kusan awa ɗaya kullum, zuwa kawai.

Motar ba ta ji jiki sosai ba. Bamba ta lotsa, fitilar dama ta fashe, ƙafar gaba ta ɗan karkace. Aikin kwana biyu ne. Mutumin da abin ya faru a gabansa ranar Litinin ya ce a hankali ta sauka daga titi, kamar mai neman wurin tsayawa, har ta je ta daki kwalbati. Ya ce bai ji ƙarar birki ba.

Na lulluɓe ta da tamfol. Ina da wasu ayyukan.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Asibiti. Sun bar ni na leƙa ta gilashi. Ɗan da Goma ta haifa namiji ne, bakwaini, saura wata biyu aka fito da shi. Yana cikin kwalba. Wallahi na sha riƙe kafireto da ya fi shi nauyi. Tiyo a hanci, wayoyi a ƙirji, fitilu sai ƙyaftawa suke. Na ce wa nas, "'Yata, wannan ai aikin mai wayarin ne, in kuna neman ƙarin hannu ina nan." Ba ta yi dariya ba. Ta yi gaskiya.

Goma tana ɗakin mata, an ɗinke mata goshi. Na ce, "Lamba goma, an tsince ki." Ta dube ni ta ce, "Sannu, Baba," ta juya fuskarta bango. Gwamnati, wato mahaifiyarta, ta yi mini alama da ido in fita. Na fita. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yi wa Gwamnati tawaye ba.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

A layin nan ba wanda ya damu da sunana na gaskiya. Baba Hanci suke cewa. Shekara talatin ina gano yoyon fetur da hanci. A kawo mota, in zagaya ta sau ɗaya ina shinshinawa, in nuna da yatsa in ce nan. A kwance a ga haka ne. Har zanen hanci aka yi mini a allon ƙofa, ya fi nawa kyau nesa.

Sati uku kafin Litinin ɗin nan Goma ta fara cewa tana jin warin fetur a motar, kuma kafin ta isa makaranta kanta ya yi nauyi. Sau uku ta kawo ta. Sau uku na zura kai ta taga, na ja numfashi da ƙarfi yadda 'yan kallo suke so, na ce, "Ba komai. Ciki ne. Mamanki da cikinki har ruwan famfo ta ce yana warin kifi." Ta yi dariya, ta ce tunda Hanci ya faɗa an gama.

Yau na ɗage tamfol na shiga na rufe ƙofa. Na zauna inda take zama. Ta ja kujerar baya sosai saboda cikin, ƙafata da ƙyar ta kai birki. Na ja numfashi. Ban ji komai ba.

Wannan ba shaida ba ce. Ni na san dalili.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na jona 'yar kwamfutar gwaji, wadda nake ɓoyewa a durowa don kada a ce Hanci ya tsufa. Lambar da ta fito na san ta: ƙaramin yoyo a hanyar tururin fetur. Sau biyu na goge ta da hannuna.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juyawa. Fetur ko yana kwance a tanki tururi yake yi, balle in rana ta yi. Motocin da na koyi aiki a kansu sakin shi suke a iska kowa ya shaƙa. Na yanzu an toshe ko'ina. Tururin yana bin tiyo ya shiga wani gwangwani mai gawayi a ciki, gawayin ya riƙe shi, in inji ya yi zafi sai wani bawul ya buɗe ya zuƙe shi a ƙone. Motar da kanta take gwada hanyar. In ta ji huji, ko da na allura ne, sai ta kunna fitilar inji mai ruwan lemo a gaban direba. Ba ɗigo za ka gani ba, ba jiƙa. Iska kake farauta.

Yawanci murfin tanki ne bai ɗauru ba. Abin da na ce mata ke nan. Yau na kwance murfin na fito da shi rana na duba robarsa. Na so a ce ta tsage. Lafiyarta ƙalau, 'yar banza. Duk da haka na sa sabo.

Ban ɗaga kujerar baya ba.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

An ƙara wa jaririn iska. Goma har yanzu ba ta je ta gan shi ba.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Gwamnati ta dawo gida ta yi wanka ta dafa abin da za ta koma da shi. Ina shan shayi ta ajiye wani farin ƙyalle kusa da kofina.

Ta ce, "Baban Goma, shinshina mini wannan. Turare ne na saya mata, in ya yi in kai mata ko ranta ya yi sanyi."

Na kai hanci, na lumshe ido, na ce, "Kai! Wannan ai na manya ne. Ni ba a taɓa saya mini irinsa ba."

Ta ce, "Kananzir ne."

Na ajiye ƙyallen kusa da kofina.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun murar nan mai zafi ta bara, wadda ta kwantar da ni sati biyu. Na tashi, komai ya tashi, ban da shi. Ba wari, ba ƙamshi. Na ɗauka zai dawo. Kullum da safe nakan buɗe jarkar fetur in gaishe ta, ba ta amsawa.

Ta ce, "Na sani tun ranar da shinkafa ta ƙone kana zaune a ƙofar kicin kana waƙa. Na yi shiru don kada in kunyata ka. Na ɗauka ka samo wata dabara a gareji. Ban ɗauka za ka yi wasan kwaikwayon nan har a motar 'yarka ba."

Na ce ai likita ma ba ta ce fetur ba ne.

Ta ce, "Ni ma ban ce ba." Ta rufe kwanon abinci ta ɗaure shi da ƙyalle, wani daban. "Ka duba motar. Ka duba ta kamar ta mutumin da kake tsoro."

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Goma ta yi mini magana. Da ma ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, barci na yi, ko?"

Na ce wa ya ce?

Ta ce, "Ana ruwa, na rufe gilasai. Kaina ya yi nauyi, na ce bari in kai makaranta in sha ruwa. Shi ke nan abin da na tuna. Kai ka duba motar ka ce ba komai. To ni ce. Tun wancan watan mijina yake cewa in ɗauki hutu, na ce sai yarana sun gama jarrabawa. Yaran mutane. Ga nawa can."

Nas ta ce yaron yana bukatar nonon uwarsa ko da cokali ɗaya ne, kuma in ya ɗan ƙara ƙarfi so suke a ɗora mata shi a ƙirji, yana taimaka wa irinsu. Nonon bai zo ba, don ba ta cin komai. Taku ashirin ne tsakanin gadonta da ɗakin kwalba. Na ƙirga.

Ta ce, "Da wace fuska zan kalle shi?"

Na ce, "Da wannan mai ɗinkin mana, ai ta fi tawa." Abin da ya fito ke nan. Bakina yana da wannan halin, in ya ga rami sai ya ƙara wuta.

A baranda na tare likitar. Na ce wani abokina ne yake tambaya, wai mace mai ciki in tana shaƙar tururin fetur a rufaffiyar mota, zai iya sa ta jiri? Ta ce zai iya. Ta ce jininta ma zai iya sauka haka kawai, ko yunwa, ko zafi, ko duk su haɗu, ba wanda zai rantse a kan ɗaya. Sannan ta dubi faratana ta ce, "Ka ce wa abokin naka ya duba motar."

Kowa ya zama Gwamnati.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na fasa karɓar aiki. Wani mai tasi ya zo wai in shinshina masa, na ce hancin ya tafi hutu, ya yi dariya ya ce gobe zai dawo.

Na cire bawul ɗin da ke wajen inji, na hura shi da baki. A rufe yake gam, iska ba ta wucewa. Na ba shi wuta ya ce ƙas, ya buɗe. Yaron kirki.

Na tura motar kan rami na shiga ƙasa da tocila da ruwan sabulu. Na bi tiyon nan tun daga inji har wutsiya, taƙi bayan taƙi, ina hura iska kaɗan ina shafa sabulu ina jiran kumfa. Awa uku. Wuyan tanki, lafiya. Mahaɗai, lafiya. Ko ɓera bai taɓa ko'ina ba. Ban taɓa jin haushin ɓera don bai yi ɓarna ba sai yau.

Ban ɗaga kujerar baya ba. Bayana yana ciwo.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Gwangwanin gawayi ba tsaga. Na sake canza murfin tanki. Na biyu ke nan.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na tsallaka titi wurin Injiniya. Garejinsa yana kallon nawa, mutum ne ɗan shekara arba'in mai takardu a bango da farar riga. Yana da na'urar hayaƙi, wadda ake cusa farin hayaƙi a hanyar tururi a ga inda zai fito. Shekara shida ina yi masa tsiya a kanta. Ina ce masa mota ba ta shan shisha, ina ce masa wanda Allah ya ba hanci ba ya sayen na roba.

Na tsaya a ƙofarsa na ce, "Injiniya, shishar nan tana nan?"

Na shirya ya rama. Wallahi da ya rama da na ji sauƙi. Sai ya goge hannu ya ce, "Ya mai jiki, Baba?" ya ɗauko ta da kansa, ya biyo ni har garejina.

Ya murɗa makulli don ya ga fitilu. Ya ce, "Fitilar inji ba ta kamawa." Ya leƙa, ya kai farce ya kankare gilashin. Baƙin tef ne na waya, ɗan guntu.

A zuwan Goma na uku na manna shi. Ta ce, "Baba, fitilar nan tana tayar mini da hankali." Na yanko tef na manna a kai na ce, "Ga shi na yi mata magani, ba ta ƙara damunki." Mun yi dariya har ta riƙe ciki.

Injiniya ya ƙarasa ɓare tef ɗin. Ya manna guntun a gefen bencina, ya danna shi da babban yatsa.

Ya toshe bawul ɗin shaƙar iska na baya don hayaƙin kada ya bi ta can, ya jona tiyonsa, ya kunna. Na'urar tana da ɗan ƙwallo a cikin gilashi. In hanya ta cika ba huji, ƙwallon zai sauka ƙasa ya kwanta. Muka jira. Bai kwanta ba. Yana nan tsakiya yana rawa kamar bencina.

Ya ce, "Akwai yoyo, Baba." Ya shiga rami da tocila, ya bi duk inda na bi. Daga ƙasa ya ce, "Nan ba komai. Saura saman tanki. A irin wannan motar ta ƙarƙashin kujerar baya ake shiga. An taɓa taɓa famfon mai?"

Na ce ya isa haka, rana ta yi, na'urar ma ta gaji. Tun da ya kunna har ya kashe ina jingine da ƙofar baya, bayana a jikin gilashi. Na faɗa, bayana yana ciwo.

Ya fito ya kaɗe gwiwa ya ce, "Bari in bar maka ita. Ba na bukatarta wannan satin." Ƙarya yake, motoci biyu na gani suna jiranta.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Sun kira mu ƙarfe ɗaya. Mun tsaya a baranda awa biyu. Daga baya likita ta fito ta ce yaron ya dawo. Ban tambaya daga ina ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Surukina ya zo ɗaukar jakar Goma da ta rage a mota. Yaro ne mai ladabi har ya yi yawa, shekara uku bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Ya durƙusa ya gaishe ni a kan ƙasar gareji da wandonsa mai tsabta.

Ya buɗe ƙofar baya. Jakar tana kan kujera, da wata leda mai kayan jarirai da ta saya ranar. Ya sunkuya ya ɗauka, sai ya ɗan dakata, ya yamutsa fuska. Na ga hancinsa ya motsa. Sannan ya miƙe ya ce, "Baba, gareji dai ba ya rabuwa da warin fetur."

Na ce ai shi ne turarenmu.

Ya ce, "Baba, ku daina wahalar da kanku a kan motar nan. Ba laifin kowa ba ne. Ku da kuka yi ta ɗawainiya da ita, har famfon mai kuka canza mana da hannunku. In kun gyara gaban, akwai abokin aikina da yake so, ranar Alhamis zai zo. Ba na son ta sake ganinta."

Na ce abokin naka yana da iyali?

Ya ce yara uku.

Yara a baya suke zama.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe jarkar fetur na gaishe ta. Shiru.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na kulle ƙofar gareji daga ciki. Akwai wata ɓula a kwanon rufi da rana ke shigowa ta ita da safe, na tura motar daidai wurin. Na toshe bawul yadda Injiniya ya yi, na jona na'urar, na kunna. Wannan karon na buɗe ƙofar baya na tsuguna ina kallo.

Bai kai minti biyu ba. Daga tsakanin katifar kujera da jingina wani siririn fari ya fito, kamar zare, ya hau cikin hasken rana yana lanƙwasa a hankali. Kyakkyawa ne ma. Na zauna a ƙasa ina kallonsa har ya taru a rufin mota ya fara gangarawa gaba, wajen sitiyari.

Na ɗaga kujerar baya.

A ƙarƙashinta akwai faifan ƙarfe mai noti huɗu. Biyu ne a jiki. Sauran biyun na san inda suke, suna cikin gwangwanin notina. Ƙarƙashin faifan saman tanki ne, inda famfon mai ke shiga, da zoben roba da ke toshe bakin. Hayaƙi yana fita ta gefen zoben kamar butar shayi.

Wata biyar da suka wuce ni na canza famfon. Sabon ya zo ba roba a kwalinsa. Goma tana tsaye tana duba agogo, za ta awo. Na dubi tsohuwar na ce ai da sauranta. Na shafa mata giris na mayar, na ɗaure, ta ɗan cije a gefe ɗaya na ce za ta zauna. Abin da ke toshe gefen faifan ya ruɓe, na yar. Sannan na sunkuya na shinshina, a gabanta, da hancin da na san ya mutu. Na ce, "Ta yi."

Kuma ni na ce mata tunda cikin ya tsufa ta riƙa cika tanki fal, kada haihuwa ta zo mai ya ƙare a hanya. Shawarar uba.

Na ciro robar. Ta bushe, ta tsage inda ta cije. Ba ta kai kuɗin kofin shayi ba.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Sabuwar roba tana aljihuna na dama, tsohuwar tana na hagu. Aikin minti ashirin ne. In na sa, in ɗaure noti huɗu, in mayar da kujera, ranar Alhamis mai yara uku ya ɗauki mota lafiyayya. Ba wanda aka cuta. Injiniya ba mai surutu ba ne. Gwamnati ba za ta tona ni ba, sai dai ta daina kallona in tana zuba mini shayi. Likita ta ce ba wanda zai rantse.

Hanci ya ci gaba da zama Hanci. Zan riƙa ɓoye na'ura a durowa kusa da 'yar uwarta.

Goma kuma ta ci gaba da cewa barci ta yi.

Gwamnati ta bugo waya. Jiya cokali uku Goma ta ci. Sun fara maganar ƙarin ruwa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

A hanya na shirya barkwanci biyu da zan fara da su. Na bar su a ƙofar asibiti.

Surukina yana zaune a bakin gado, Gwamnati tana kan kujera. Ya tashi zai ba mu wuri na ce ya zauna, har da shi. Na ciro robar na sa a tafin hannunta.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Abin da kika ji ne. Sau uku kika faɗa, sau uku kin yi gaskiya. Fetur yana fita a ƙarƙashin kujerar baya yana cika miki mota. Ni na mayar da tsohuwar roba. Ba ciki ba ne."

Ta juya robar, ta sa farce a tsagar. Ta kai ta hanci. Nan take ta kawar da kai.

Ta ce, "Amma ka shinshina, Baba. Ina tsaye."

Na ce, "Shekara guda ke nan ba na jin komai. Ko wannan da ke hannunki ba na ji."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Lokacin da ka manna tef ɗin, ka sani?"

Na ce na sani.

Surukina ya ɗago ya kalli tsakiyar idona. Karo na farko. Ashe idanunsa manya ne.

Na ce likita ta ce ba za a iya rantsewa shi kaɗai ne ba. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Na sani.

Goma ta rufe hannunta a kan robar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na yi ta cewa kaina ni ce ba ni da hankali. Har na daina faɗa wa mutane don kada a yi mini dariya." Sannan ta ce, "Ka tafi, Baba."

Na dubi Gwamnati. Wannan karon ba ta yi mini alama da ido ba, ba a bukata.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Mai yara uku bai zo ba. An fasa.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Gwamnati ta dawo ɗaukar kaya. Ta ce jiya da safe Goma ta ce a riƙe ta ta sauko daga gado. Taku ashirin ɗin. Ta tsaya a kan kwalbar ta daɗe, ta ce wa nas, "Ba barci na yi ba." Nas ba ta san me take nufi ba, ta ce to. Goma ta ci abinci. An samu nono kaɗan, sun ba shi ta tiyo.

Na ce ta tambaye ni?

Gwamnati ta ce, "Ina ka ajiye babban filas?"

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Mai tasi ya dawo. Na ce masa hancin ba hutu ya tafi ba, ya rasu tun bara, na nuna masa ƙofar Injiniya. Ya yi ta dariya yana jira in ce wasa nake. Kafin rana ta yi duk layin ya ji.

Na hau benci da ragowar fenti na shafe zanen da ke allo. Bencin ya yi ta rawa. Fentin bai kai ba, ƙofofin hancin biyu suna nan suna leƙowa.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Surukina ya zo. Ya gaishe ni a tsaye. Ya ce saƙo ne daga Goma, ta ce ya faɗa yadda ta faɗa: "A sa sabuwar roba, a ɗaure noti huɗu. Baba ya gyara. Injiniya ya gwada. Ba Baba ba."

Na ce an ji.

Na sa. Na ɗaure. Na tsallaka titi na kira shi. Ƙwallon ya sauka ya kwanta. Na ce ya bar shi a kunne, muka tsaya mu uku muna kallon ƙwallo kwance har minti goma sha biyar.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Gwamnati ta ce in zo, amma in tsaya a bayan gilashi.

Sun ciro shi daga kwalba sun ɗora mata a ƙirji, da tiyonsa da wayoyinsa. Likita ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce kwana ɗaya ɗaya ake bi. Goma ta sunkuyar da kai, hancinta a kan ɗan kansa, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta gan ni. Ba ta yi murmushi ba.

Ta yi wa nas magana. Nas ta fito ta miƙo mini wata 'yar hula da aka cire masa aka canza wata, ba ta kai murfin tanki girma ba. Ta ce, "Ta ce a ba ka."

Da ɗuminta. Na kai ta hanci. Goma tana kallona ta gilashi. Na ji idona yana shirin lumshewa da kansa, bakina ya riga ya buɗe zai ce "Kai!"

Na rufe bakin. Na bar idon a buɗe. Na girgiza mata kai.

Ta gyaɗa nata sau ɗaya, ta koma kan ɗanta.

Hular tana aljihuna na hagu.